Maƙwabcina zai bar mini karyarsa ta wasan tsere: in karɓa ko in ba shi haƙuri?

Baban Ummi, Manchester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Ina da maƙwabci, dattijon Bature, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Matarsa ta rasu, ɗansa yana Ostireliya. Abin da ya rage masa a gidan karya ce guda ɗaya, irin dogayen karnukan nan masu tsukakken ciki da ake tsere da su ana caca, waɗanda suke kira greyhound. Ta bar tsere tana da shekara 4, ya karɓo ta daga wata ƙungiya, yanzu shekararta 7. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki ni nake fita da ita safe da yamma, saboda haƙƙin maƙwabtaka. Yanzu za a mayar da shi gidan kula da tsofaffi, kuma can ba a shiga da dabba. Ya roƙe ni in riƙe ta, har da hawaye. Na ce ya ba ni lokaci. Uwargida ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Muna da yara biyu da mage. Me addini ya ce, kuma me riƙon irin wannan karen yake buƙata?

Hajiya Maman Sadiq, Leeds:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, Allah ya ba ka ladan abin da ka yi wa dattijon nan, amma ka tsaya iya nan. Kare a cikin ɗaki? Ina za ku shimfiɗa dadduma? Ranar suna ko ranar salla wace mace ce za ta tako gidanku? Kuma kada ka manta kai aiki za ka tafi, Maman Ummi za a bari da gashi a kan kafet da wanke kwano. Shirun da ta yi kara ce take yi maka.

Abu Hafsa:
Maganar a bayyane take. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Sun kuma ruwaito cewa wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ba ne ko na kiwo ko na gona, ana rage masa ƙiraɗi guda daga ladansa kullum, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu. To a cikin ukun nan wanne karyar maƙwabcinka za ta yi maka a Manchester? Ɗan uwa, ka ba shi haƙuri da kyakkyawan lafazi.

Ɗan Tawa:
Ni daga Nijar nake bin ku. Na ga hotonta da ka sa, wallahi sai na tuna karnukan Buzaye na Azawak, ƙirar ɗaya ce: dogayen ƙafafu, faffaɗan ƙirji, ciki a ɗame, haƙarƙari ana gani. Su ma da ido suke farauta, ba da hanci ba. Amma namu suna gadin zango, baƙo ba ya matsowa. Me zai hana ka gina mata ɗan ɗaki a tsakar gida ta riƙa yi maka gadi? Kun ga an raba gardama, ba ta shiga ɗaki, kuma tana da aiki.

Dakta, likitar dabbobi a Dublin:
Malam Ɗan Tawa, na so a ce hakan zai yiwu, amma abu biyu ne ba za su yiwu ba. Na farko, ba ta gadi. Karnukan tsere ba su cika haushi ba, ɓarawo zai shigo ta ɗaga kai ta dube shi ta koma barcinta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba za ta iya kwanan waje a hunturun Ingila ba. Fatarta siririya ce, gashinta gajere ne shafi ɗaya, kuma kusan babu kitse a jikinta. Shi ya sa kuke ganin ana sa musu riga in za a fita da su. Ba gayu ba ne. Ko a ɗaki, in ta kwanta a kan siminti ko tayil sai gwiwoyinta su yi gyambo, dole sai shimfiɗa mai taushi. Duk wanda ya ɗaure ta a tsakar gida a watan Janairu ya cuce ta, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 za ta iya hawa kansa.

Don haka Baban Ummi, kada ka ruɗi kanka. In ka karɓe ta, a ƙarƙashin rufinka za ta zauna.

Abu Hafsa:
To kun ji. Likita ma ta rufe ƙofar gadi. Farauta kuma an hana sakin kare a kan zomo a Ingila tun dokar 2004. Me ya rage?

Malam Na Zariya, Birmingham:
Abin da ya rage shi ne abin da ya sa Baban Ummi ya yi tambaya tun farko, Abu Hafsa. Bari mu rarrabe mas'aloli, don mutanenmu suna cuɗa abu biyu wuri guda.

Mas'alar najasa daban. A mazhabar Malik, wadda a kanta akasarinmu muka tashi, duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, Malikawa suna ɗaukarsa a matsayin bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'awa ne suke ganin najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Saboda haka Hajiya, in karyar ta goga jikinta a rigar Baban Ummi, sallarsa ta yi a wurin Malikawa.

Mas'alar riƙo kuma daban, kuma nan hadisan da Abu Hafsa ya kawo suke da ƙarfi, ba na musu a kansu. Sai dai Ibn Abdil Barr ya fahimci cewa ragin lada yana nuna karhanci ne, bai kai haramci ba, kuma ya ga ana iya yin ƙiyasi a kan ukun nan ga duk riƙon da ke jawo amfani ko tunkuɗe cuta. Wasu malamai sun saɓa masa, suka ce ragin ladan da kansa alamar laifi ne. Kuma sananne ne a littattafan Malikawa cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi.

Abu Hafsa:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma mai Risala don tsaro ya ajiye. Tsaro buƙata ce. Wannan kuwa Dakta ta ce ko haushi ba ta yi. Ƙiyasin bai hau ba.

Malam Na Zariya, Birmingham:
Gaskiyarka, ta fuskar tsaro bai hau ba. Amma ka dubi wata fuskar. Mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa, kuma da sahabbai suka yi tambaya aka ce musu akwai lada a kan kowace hanta mai danshi. Baban Ummi bai je kasuwa ya sayo kare don ado ba. Dabba ce za ta rasa mai ita, ga kuma tsoho mara lafiya, maƙwabci na jikin katanga, da zai tafi da ɗacin rai. Ni ba na ce masa ya halatta kai tsaye ba. Cewa nake yi tambayar da za a fara amsawa ita ce: in bai karɓa ba, ina za ta? In akwai inda za ta samu kulawa, maganar Abu Hafsa ta fi kusa da tsantseni. In babu, to lalura ta shigo.

Direban Tasi, Sheffield:
Malam ya taɓo wurin. Ni akwai ɗaya a gidan surukina, Musulmi ne Bature, kuma ina yawan fita da shi, don haka na ɗan san harkar. Baban Ummi, abu na farko ka nemi takardar da dattijon ya sa wa hannu lokacin da ya karɓo ta. Yawancin ƙungiyoyin nan suna rubuta cewa in ka kasa riƙewa su za ka mayar wa, ba ka da ikon miƙa wa wani da kanka. Babbarsu ita ce Greyhound Trust, tun 1975 take, tana da rassa a faɗin ƙasar. Ba za su bar ta a titi ba. Matsalar ita ce layi. Ɗakunansu a cike suke, kuma masu zuwa karɓa sun fi son mai shekara 3 ko 4. Mai shekara 7 takan daɗe tana jira, ballantana in baƙa ce, don baƙaƙen sun fi daɗewa. Karyar da ta saba da ɗaki da ɗumi da mutum ɗaya, a mayar da ita keji, ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Baban Ummi, Manchester:
Baƙa ce kuwa, bakinta ya fara furfura. Zan nemi takardar gobe in Allah ya kai mu. Akwai wasu haruffa da lambobi a cikin kunnuwanta duka biyu, me suke nufi?

Dakta, likitar dabbobi a Dublin:
Shaidar rajista ce, ana yi musu tun suna 'yan kwikwiyo. In a kunne biyu ne, a Ailan aka haife ta, waɗanda aka haifa a Ingila kunne ɗaya ake yi wa. Mafi yawan waɗanda ke gudu a filayen Birtaniya daga nan Ailan ake kai su. Da waɗannan lambobin za ka iya gano sunanta na tsere da duk gudun da ta yi.

Kuma tun da an zo nan bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Ana haifo su da yawa don a zaɓi masu sauri. Mai sauri yana kai wajen kilomita 70 a awa, yana zagaya fili mai lanƙwasa tare da wasu biyar, a kan kwanar ne suke karo da juna, ƙafa ta karye. Yana kai shekara 4 ko 5 an gama da shi, alhali zai iya rayuwa 12 zuwa 14. Wato ya yi wa 'yan caca aiki shekara biyu ko uku, sauran shekaru takwas ko tara sai wani bawan Allah ya ɗauki nauyi. A 2019 gidan talabijin na ƙasar nan, RTÉ, ya yi binciken da ya tayar da ƙura, inda aka nuna dubbai ne ake kashewa duk shekara saboda ba su da sauri. Yanzu an ɗan gyara: hukumar tseren Birtaniya, GBGB, ta fara wani tsari a 2020 da ake ajiye wa kowane kare kuɗi tun ranar rajista don ranar ritayarsa. Amma kuɗin ba ya kai abin da ƙungiyoyin ke kashewa.

Yaya Babba, Landan:
To ai wannan ne ma ya sa ni ban yarda a karɓa ba. Duk wanda ya karɓi kare ɗaya ya share wa masu caca hanya ne su haifo wani. Mu da aka hana mu caca mu zama masu kwashe musu shara? A bar su da kayansu.

Direban Tasi, Sheffield:
Yaya, harkar tana mutuwa da kanta. A Birtaniya, a garin su Baban Ummi aka fara ta, filin Belle Vue, a 1926, kuma an rufe shi a 2020. Na Wimbledon an rufe tun 2017. A Amurka mutanen Florida sun kaɗa ƙuri'a a 2018 suka hana, yanzu filaye biyu kaɗai suka rage a ƙasar, duka a West Virginia. New Zealand ta sanar a ƙarshen 2024 za ta hana, Wales ta biyo baya a farkon 2025. Kuma duk filin da aka rufe karnuka ne za su fito neman gida. Ita wannan karyar ba ta taɓa sa fam ɗaya a caca ba, ita aka yi cacar da ita.

Yaya Babba, Landan:
Na ji, amma ban gamsu ba. Akwai marayu a gida da kuɗin abincinta zai ciyar.

Hajiya Maman Sadiq, Leeds:
Ni har yanzu ba wanda ya amsa mini batun yara da mage. Dabbar da aka horar ta bi abu mai gashi da gudu, a haɗa ta da mage a gida ɗaya?

Dakta, likitar dabbobi a Dublin:
Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, kuma kin yi daidai da kika nace. Da mutane suna da sanyin hali ƙwarai, ba su da hayaniya, sukan yi barcin awa 16 ko fiye a rana, fita ta minti 20 sau biyu ta ishe su. Amma bin abin da ya gifta, hali zanen dutse ne. Wasu suna zama da mage lafiya, wasu har abada ba za su iya ba, kuma ba a ganewa da ido. Ƙungiyoyin suna gwadawa: a sa mata takunkumi, a riƙe igiya, a shigo da mage a ga yadda za ta yi. In ta ƙafe da ido, jikinta na rawa, ka kira ta ba ta ji, maganar ta ƙare. In ta duba ta kau da kai, akwai fata. Ko wadda ta saba da magen gida, in ta ga magen maƙwabta tana gudu a waje za ta bi.

Batun yara kuma, doka ɗaya ce mai tsauri: ba a taɓa ta tana barci. A keji ta tashi, ba ta saba a farkar da ita da hannu ba, wasunsu sukan zabura su kai cizo kafin su gane waye. Kuma sukan yi barci ido a ɗan buɗe, yaro sai ya ɗauka idonta biyu. A kira sunanta daga nesa, ta ɗaga kai, sannan a matsa. Shimfiɗarta kuma tata ce, Ummi ba ta hawa.

Baban Ummi, Manchester:
Na lura in muna tafiya wani lokaci sai ta tsaya cak, ko na ja ba ta motsi. Kuma tana ɗan ɗingishi a kan kwalta, amma a kan ciyawa ba ta yi.

Dakta, likitar dabbobi a Dublin:
Tsayuwar tsoro ne, ba taurin kai ba. Kada ka ja ta, ka juya da ita ku ɗan zaga, ko ka jira. Ɗingishin kuma, yadda ka kwatanta shi, ina zargin kanta ce, wato taurin fata, a tafin yatsa, abu ne da ya yi yawa a irinsu kuma likitocin da ba su saba da su ba sukan wuce shi su tafi ɗaukar hoton ƙashi. A jiƙa tafin a duba, za a ga ɗan da'ira mai tauri. Amma kada a zauna a kan zatona, a kai ta a gani, domin ciwon dajin ƙashi ma yana kama su a irin shekarunta, kuma da ɗingishi yake farawa.

Ka nemi likitan da ya san irinsu. Jininsu ya bambanta da na sauran karnuka: jajayen ƙwayoyin jini sun fi yawa, sinadarin maƙoƙo ya fi ƙasa, wanda bai sani ba sai ya ɗora ta a kan maganin da ba ta buƙata. Maganin sa barci na tiyata ma akwai wanda ba ya yi musu kyau. Haƙoransu sukan lalace, wankewa da cirewa kuɗi ne mai yawa, kuma inshora ba kowace ke biyan na haƙori ba. Ka tambayi farashin inshorar mai shekara 7 kafin ka amsa wa dattijon.

Sai kicin, Maman Ummi ta ji wannan: albasa, tafarnuwa, inabi, zabibi da cakulan guba ne ga kare. Ragowar miyarmu ba ta shiga kwanonta. Dafaffen ƙashin kaza ma haka. Kuma tsayinta ya kai ta ɗauki nama daga kan tebur ba tare da ta yi tsalle ba. Abinci sau biyu a rana, ba gudu kusa da cin abinci, don masu zurfin ƙirji cikinsu yakan kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kisa cikin awanni.

Direban Tasi, Sheffield:
Ƙari a kan na Dakta: kada ka sake ta a fili mara shinge, ko da ta saba da kai. Kafin ka buɗe baki ta kai titi. In ta shiga cikin tumaki a ƙauye kai ne da laifi a doka, kuma manomi zai iya harbe ta. Akwai filaye masu shinge da ake haya na awa guda, can ake kai su su yi gudu. Abin wuyanta kuma mai faɗi ne na musamman, don kansu ya fi wuyansu siranta, na sauran karnuka zamewa yake yi. Ka karɓi nata wurin dattijon, da rigarta da bargonta.

Ɗan Tawa:
Ikon Allah. Namu na Azawak a rana suke yini, su sha nono su ci abin da aka samu. Amma su ma da sanyin dare Buzaye kan bar su su matso kusa da wuta.

Baban Ummi, Manchester:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga inda aka kwana. Na samu takardar, kuma kamar yadda Direba ya faɗa, sai da izinin ƙungiyar. Na kira su. Sun ce a yanzu ba su da gurbi, amma suna da tsarin riƙo na wucin gadi: ta zauna wurina, sunanta yana cikin jerin masu neman gida, su ne da kuɗin magani, har a samu wanda zai ɗauke ta dindindin. Mun zauna da Maman Ummi, na karanta mata duk abin da kuka rubuta, har na Hajiya. Ta ce ta yarda da na wucin gadi bisa sharaɗi uku: karyar za ta zauna a ɗan ɗakin da ke jikin kicin ta baya, inda injin wanki yake, akwai hita a ciki, ba ta hawa sama, ba ta shiga falon da muke salla, kuma kwanonta da kashinta aikina ne. In gwajin mage bai yi ba, babu maganar gaba ɗaya. Za su zo ranar Asabar.

Abu Hafsa:
Ni ra'ayina bai canja ba game da riƙon dindindin, kuma ina tsoron na wucin gadin ya zarce, don sabo yana da ƙarfi. Amma tun da babu gurbi a yanzu, ba zan ce a jefar da ita ba. Ka sa wa abin wa'adi, ka kuma riƙa bibiyarsu kada su manta da kai.

Hajiya Maman Sadiq, Leeds:
Ka gaishe mini da Maman Ummi, zan kira ta da kaina in ji daga bakinta.

Dakta, likitar dabbobi a Dublin:
Ɗakin ya yi, amma kada a rufe ta ita kaɗai da ƙofa. Ba ta taɓa zama babu motsin wani kusa da ita ba, za ta yi ta kuka tana yagar ƙofar. A sa irin ƙaramar ƙofar ƙarfen nan da ake tare yara da ita, tana hango ku tana jin muryarku. A shimfiɗa tabarma ko kafet a kan tayil don kada ta zame. Ranar Asabar ka tabbata magen tana da inda za ta haye sama ta tsira, kuma takunkumin ba ya fita ko da an ga alamar lafiya, sai an yi makonni. Sannan ka tambayi dattijon yadda take yi da ƙarar wasan wuta, don 5 ga Nuwamba, ranar da ake wasan wuta a Ingila, ta kusa, in tana firgita a fita da ita tun da sauran haske a ranar.